Ping mai girma ya wuce, to mi kuma ake so in gwada a kanel?

Wani ƙanena da ke shekarar ƙarshe nan jami'ar Danfodiyo ya turo min tambaya daren jiya. Ya taɓa wurin da kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da injin, ke harhaɗa gutsattsarin fakitin IP, wato saƙon da anka yanka gunduwa-gunduwa kafin a aiko shi ta waya, saboda furojet ɗinshi, ya buga ping -s 4000, umarnin da ke aika saƙon gwaji mai bait 4000 ya jira a maido mashi, amsa ta dawo lafiya lau, amma malamin da ke duba aikin ya ce bai yarda ba sai ya ga gwajin koma-baya. Shi ne yake tambaya, Yaya tunda ping ya wuce mi kuma ake so in gwada?

To ƙanena, malaminka na da gaskiya. Wanga ping da kay yi awa ka taka birkin mota ne tana fake gindin dogon yaro, ka ce birki na ci.

Duba abin da ya faru cikin waya. Bait 4000 ka haɗa da 8 na kan ICMP, furotokol ɗin da ping ke amfani da shi, ya zama 4008. Layin Ethernet 1500 yake ɗauka, ka cire 20 na kan IP saura 1480, kenan gutsure uku sunka fita, 1480 da 1480 da 1048. Kowane na ɗauke da lambar shaida guda, wato id, da kuma ofset wanda ke faɗin inda zai zauna, kuma ofset ɗin da takwas-takwas ake ƙirga shi, shi ya sa za ka ga 0 da 185 da 370. Biyun farko an kunna musu tutar MF wato akwai saura, na ƙarshe ba a kunna ba. Sun taho a jere, babu wanda ya ɓace, babu wanda yaz zo sau biyu, kuma wanda ya yanka su kanel ne mai ladabi da ke bin RFC 791, takardar ƙa'idar IP ta 1981. Kod ɗin harhaɗawa kuwa rabinshi ko fiye an rubuta shi ne don baƙon da ba ya da ladabi, kuma ping ɗinka bai taka ko layi ɗaya daga ciki ba.

Shi gwajin koma-baya ma'anarshi mai sauƙi ce: duk wani hali da anka taɓa samun ya lalace anka gyara, ko anka yi ittifaƙi haka ya kamata kanel shi yi, sai a rubuta mashi ɗan gwaji da ke gudu da kanshi, duk sanda wani ya taɓa kod a sake kora su duka. Ba wai don a nuna sabon abinka na aiki ba, don a kama tsohon abin da ka taka ba ka sani ba.

Bari in ba ka labarin da ya fi kowane bayani. Watan Agusta 2018 anka bayyana wata ɓaraka da anka sa wa suna FragmentSmack, lambarta CVE-2018-5391, Juha-Matti Tilli na jami'ar Aalto ta Finlan ne ya gano ta. Lokacin Linux na jera gutsattsarin a layi guda ne, duk wanda yaz zo ba a kan jere ba sai an bi layin ana neman gurbinshi. To fakiti na iya kai bait 65535, gutsure kuma na iya ƙanƙanta har bait 8, ka ga mutum na iya aiko maka dubban ƙanana a hargitse kuma ya ƙi aiko na ƙarshe, injin ya zauna yana ta lalube har CPU ta cika da ɗan zirga-zirga kaɗan. Maganin gaggawa da anka ba mutane shi ne su rage ipfrag_high_thresh, wato iyakar memorin da gutsattsari ke ci, daga 4MB zuwa 256KB. Gyaran gaske kuma Peter Oskolkov da abokan aikinshi sunka yi, anka mai da layin bishiyar rbtree, inda ake samun gurbi ba sai an bi layi duka ba, sannan anka ce daga yau duk gutsuren IPv4 da ya hau kan wani a zubar da tarin gaba ɗaya, awa yadda RFC 5722 ya riga ya wajabta ma IPv6 tun 2009.

Gyara mai kyau ko? To sai ga shi facin, wato gyaran kod ɗin, ya zo da nashi hujin. Sharaɗin da anka rubuta bai bambance gutsuren da ya hau rabin wani da gutsuren da yaz zo sau biyu sak ba. Maimai kuwa ba hari ba ne, hanya da kanta takan kwafi fakiti. Sai ya zamana a wuraren da ake yawan samun maimai manyan fakiti sun daina isa. Watan Disamba na 2018 ɗin Michal Kubeček na SUSE ya aiko faci cewa a daina ɗaukar maimai a matsayin hawan juna. Waɗanga mutane ba yara ba ne, sun hi ni da kai sanin kod ɗin nesa ba kusa ba, kuma na tabbata ping mai girma na wucewa lafiya a kanel ɗin da ke da matsalar. Abin da zai kama ta shi ne gwaji guda da ke aiko gutsure na biyu sau biyu ya jira ya ga ko saƙo ya iso.

Yanzu ga yadda za ka fara. Kada ka kuskura ka ɗora kanel ɗin da ka taɓa a kan laftof ɗinka kai tsaye, sa shi cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta cikin kwamfuta, in ya faɗi ka tashe shi ba asara. A ciki ka buɗe ɗakuna biyu da ip netns add, wato keɓaɓɓun wuraren sadarwa cikin injin guda, ka haɗa su da igiyar veth, ɗaya mai aikawa ɗaya mai karɓa. Amfanin ɗakin shi ne kowane na da nashi teburin gutsattsari da nashi ƙididdiga da nashi saiti, ka gama ka rushe shi ka gina sabo ba abin da ya rage. Ba ka buƙatar data, ba ka buƙatar rauta, ko wuta ta tahi batirin laftof ya ishe ka.

Mai aikawa kuma ba kanel za ka bari shi yanka ba, kai za ka yanka da hannunka. Scapy shi ya fi sauƙi, Python ne, kana rubuta id da frag da flags yadda ka ga dama. Mutanen OpenBSD da shi sunka rubuta nasu, Alexander Bluhm ya yi aiki sosai kansu, suna cikin regress/sys/netinet/frag da netinet6/frag6, FreeBSD ma na da nasu cikin tests/sys/netinet6/frag6. Ka karanta su, ƙanana ne kuma kowane fayil hali guda yake gwadawa. Na Linux da C anka rubuta, tools/testing/selftests/net/ip_defrag.c da ip_defrag.sh, kuma bayan waccan ɓaraka ta 2018 ne anka shigo da su. Kafin ka rubuta komi naka ka fara kora wanga, sau ɗaya kan kanel ɗin da ba ka taɓa ba sau ɗaya kan naka. Da UDP ko ICMP za ka yi aiki, TCP shi yana kauce ma gutsuttsurawa da MSS, wato iyakar girman da yake sa ma kanshi, don haka ba zai kai ka inda kake so ba.

Akwai wani tarko nan da nake so ka tsaya kanshi, saboda kusan duk wanda na gani ya fara yana faɗawa. Mutum ya cika fakiti da sifili ko harafin A zalla, ya ga ya iso, ya ce an harhaɗa daidai tunda lissafin tantancewa na UDP bai yi ƙorafi ba. To wanga lissafi tarawa ce kawai ta lambobi masu bit 16, kuma tarawa ba ta damu da wa ke gaba wa ke baya ba. In kod ɗinka ya musanya gutsure na biyu da na uku masu tsawo ɗaya, jimilla ba ta canzawa, kanel zai miƙa ma manhaja gurɓataccen saƙo da fuska a sake. Awa kafinta ne ya haɗa gadon amarya da anka kawo gunduwa-gunduwa bisa kabu-kabu, ya ƙirga katako ya ga sun cika amma ya sa ƙafa wurin kai. Don haka ka cika fakitin da abin da kowane wuri ya bambanta, misali kowane bait huɗu su ɗauki lambar matsayinsu, mai karɓa kuma shi gwada bait da bait da abin da anka aiko.

In ka shirya wannan, masu sauƙin su ne jere, da baya-baya, da hargitse, da maimai, duk dole saƙo shi iso cikakke kuma sau ɗaya tak. A hargitsen in kana amfani da lambar sa'a, wato random, ka buga irin da ka shuka ta da shi, wato seed, a allo, in ba haka ba ranar da gwaji ya faɗi ba ka iya maimaita shi. Kuma kada ka tsaya kan girma guda, ka zagaya girman gutsure daga 8 zuwa sama da girman fakiti iri-iri, ɓarna ta fi son bakin iyaka, inda na ƙarshe ya rage bait 1 ko ya cika takwas cif.

Masu wuyar su ne waɗanda bai kamata su iso ba. Hawan juna shi ne babba, tun Teardrop na 1997 da ya riƙa kayar da Windows 95 da NT da tsofaffin Linux da gutsure biyu kacal da ofset ɗinsu ya shiga juna. Ka gwada sabo ya hau wutsiyar tsoho, ya hau kanshi, ya haɗiye shi duka, ya haɗa tsakanin biyu. Sannan ka lura Linux na yau in sabon gutsure ya faɗa dukanshi cikin wurin da anka riga anka cike, maimai yake ɗaukarshi ya yar da shi shi kaɗai, ba ya ma duba ko abin ciki ɗaya ne. To gwajinka shi aiko irin wanga da abin ciki daban, ka tabbata na farko ne ya isa ga manhaja. Sai na wuce iyaka, jikan Ping of Death na 1996: ofset bit 13 ne, mafi girmanshi 8191 sau 8 wato 65528, ka ɗora mashi ɗan kaya ya zarce 65535, dole a ƙi shi. Sai gutsure biyu da kowane ke cewa shi ne na ƙarshe amma tsawonsu ya saɓa. Sai wanda ba na ƙarshe ba kuma tsawonshi bai rabu da takwas, a IPv6 ƙa'ida ta ce a zubar a mai da saƙon Parameter Problem.

IPv6 na da nashi ƙarin. Akwai gutsure tilo, wanda ke da kan gutsure amma ofset 0 kuma ba saura, RFC 6946 ya ce a sarrafa shi shi kaɗai kada a cuɗa shi da wani tari mai lamba irin tashi, to ka ajiye rabin tari da id guda ka aiko tilo da wannan id ɗin ka ga ko ya wuce bai taɓa tarin ba. Akwai kuma RFC 7112 da ya ce gutsuren farko shi ɗauko dukkan jerin kawuna har na TCP ko UDP, don kada a ɓoye ma fayawol lambar ƙofa. Kada ka ce wannan duk tsoro ne na banza. OpenBSD da ake yabo wajen tsaro, ɓaraka ta biyu da sunka taɓa amincewa ana iya shigowa daga nesa a girkin asali, ta 2007, ta hanyar gutsattsarin ICMPv6 ta zo.

To ƙaƙa ake gwada abin da bai zo ba? Yawanci mutum ya sa sleep na daƙiƙa biyar ya ce bai zo ba. Ni ban son wannan, yana cin lokaci kuma ko igiyar ce ta tsinke gwajin zai ce ya ci. Abin da nake yi, bayan mugun tarin sai in aiko ɗan fakiti mai lafiya da wata id daban ta hanya guda. In mai lafiyar ya iso na san hanya na aiki kuma an riga an sarrafa na gabanshi, in mugun bai cikin soket to da gaske an ƙi shi. Sannan in duba ƙididdiga cikin /proc/net/snmp ko da nstat, kafin da bayan, ReasmReqds da ReasmOKs da ReasmFails, wato yawan gutsattsarin da sunka zo da harhaɗawar da ta ci da wadda ta faɗi. Fakiti na iya ɓacewa saboda dalili goma, kai kana so ka san dalilin da kake nufi ne ya kashe shi. Kowane gwaji kuma da id nashi, don IPv4 na gane tari ne da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da furotokol da id, in ka maimaita id ragowar gwajin baya za ta gauraya da na gaba ka kwana kana neman aljanin da babu shi.

Sai wa'adi. In gutsure ɗaya ya ɓace Linux na jira daƙiƙa 30 a IPv4, 60 a IPv6, sannan shi share. Kai cikin ɗakinka ka mai da ipfrag_time zuwa 1 ko 2. Abu biyu za ka duba: in gutsuren farko na cikin waɗanda sunka iso, saƙon ICMP Time Exceeded mai lamba 1 zai koma ma mai aikawa, in ba shi ciki ba a aika komi. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci gare ka tunda ka taɓa kod, ka buɗe /proc/net/sockstat ka duba layin FRAG, inuse da memory su koma 0. Hanyoyin kuskure nan ne ake manta sakin memori ko a sake ta sau biyu. Ka gina kanel ɗin gwaji da KASAN da kmemleak a kunne, su ne masu kama kuskuren memori, kuma sikirif ɗinka shi karanta dmesg, wato saƙonnin kanel, a ƙarshe, in ya ga gargaɗi gwaji ya faɗi ko da duk saƙonni sun iso. Ka kuma rushe ɗaki alhali akwai rabin tari a ciki, wurin ma ana samun faɗuwa.

Gudu ma ana gwada shi tunda FragmentSmack ba saƙo ta ɓata ba, lokaci ta ci. Amma kada ka rubuta wai dole a gama cikin daƙiƙa kaza. Laftof ɗinka da asuba daban yake da laftof ɗinka ƙarfe biyu na rana watan Afrilu a Sakkwato, zafi na sa shi rage gudu da kanshi, gwajin zai riƙa faɗuwa ba laifin kod har ka daina yarda da shi. Ka auna gutsure 1000 a hargitse, ka auna 8000, ka duba ninkin. In ya tashi wajen takwas ko sama kaɗan lafiya, in ya doshi sittin to ka dawo da laluben layi.

Ɓangaren yankawa ba ka ce ka taɓa shi ba don haka ba zan daɗe ba. Ɗaki uku, na tsakiya rauta, ƙafarshi ta fita ka sa mata MTU ƙarami, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka. Fakiti mai tutar DF, wato kada a yanka, ya dawo da ICMP nau'i 3 lamba 4 ɗauke da MTU ɗin. Wanda ba DF a yanka shi. In abin da ake yankawa shi ma gutsure ne, ofset ya ɗora kan na asali kuma MF ta zauna kan yanki na ƙarshe in uwar na da ita, nan ake yawan kuskure. A IPv6 rauta ba ya yanka sam, Packet Too Big yake maidowa, kuma layi ba ya kasa 1280. 

Bari in hwaɗa maka abin kunyar da ya same ni. Na taɓa yin gyara a harhaɗawar IPv6, na rubuta gwaje-gwaje, duk suna ci, sati biyu ina jin kaina. Ranar nan don wasa na sa layin da ke zubar da kowane gutsure a farkon aikin da na gyara, na kora gwaji, sai ya sake ci. Ashe akwai dokar fayawol mai bin sawun haɗi a ɗakin, shi kuma conntrack, wato mai bin sawun nan, na da tashi ƙofar harhaɗawa, cikin nf_conntrack_reasm.c, tana gama aikin tun kafin fakiti ya iso net/ipv6/reassembly.c inda nake. Sati biyu ina gwada kod ɗin wasu. Shi ya sa ip_defrag.sh ke kora IPv6 sau biyu, da conntrack da babu, kai ma haka za ka yi.

Don haka kowane gwaji da ka rubuta sai ka gan shi ya faɗi da idonka kafin ka ƙirga shi. Ka lalata kod da gangan, ka cire sharaɗin hawan juna, ka juya alamar ya-fi zuwa ya-kai, ka cire layin da ke sakin memori, ka ga wane gwaji ya yi ihu. Wanda bai yi ihu ba a gyara shi ko a yar. Sikirif ɗin kuma shi fita da 0 in ya ci, da wata lamba in ya faɗi, da 4 in abin da yake buƙata babu a injin, haka gwaje-gwajen kanel ke nuna tsallakewa. In ka yi haka ranar da abu ya lalace git bisect run zai nemo maka facin da ya jawo kana shan shayi, sai dai shi 125 ne lambar tsallakewarshi, ka tuna ka juya 4 ɗin zuwa 125.

Wanga sati ka kora ip_defrag.sh kan kanel biyun, ka rubuta guda uku naka da Scapy, maimai da hawan wutsiya da ɓacewar na tsakiya, ka turo min abin da nstat da sockstat sunka nuna kafin da bayan kowane. In kana gari ranar Asabar bayan la'asar ka taho da laftof ɗin da cajarshi mu duba facin naka tare.